Mutanen Tebur: Al'adar Masu Saƙa Labari Tare a Amurka

A garuruwan Amurka da Kanada da Ingila akwai wasu mutane da suka keɓe dare guda a mako wanda ba sa yarda a taɓa musu shi. Wasu Alhamis suka zaɓa, wasu Asabar. Idan daren ya yi sai su hallara a gidan ɗayansu, mutum huɗu ko biyar ko shida, su kewaye teburin cin abinci. A cikinsu za ka iya samun malamar makaranta da direban babbar mota da ɗalibin jami'a da ma'aikacin asibiti wanda ko kayan aiki bai samu ya cire ba. Kowa da takarda a gabansa da fensir da 'yar jaka cike da dayis, irin ɗan ludon nan da ake jefawa, sai dai nasu iri-iri ne: wani mai fuska huɗu, wani takwas, wani goma sha biyu, wani har ashirin. A kan tebur daga can gefe mutum ɗaya yana zaune a bayan wani shamaki na kwali da ya tsare takardunsa daga idon sauran. Shi ne jagora. Bayan an gama gaishe-gaishe an zuba abin sha, sai ya gyara murya ya ce, "Makon jiya mun tsaya a bakin tsohuwar rijiyar nan da ta ƙafe. Rana ta kusa faɗuwa, kuma kuna jin kukan yaro daga can ƙasa. Me za ku yi?"

Sai ɗaya ya ce zai ɗaura igiya a ƙugunsa ya sauka. Wata ta ce a dakata tukuna, bari ta jefa dutse ta ji zurfin rijiyar. Na uku ya ce shi bai yarda kukan yaro ba ne, zai tsaya a sama da bakarsa a ɗane. Jagora ya dubi mai saukar ya ce, "Jefa mai ashirin." Ya jefa, huɗu ta fito. Igiya ta kuɓuce. Daga nan labari ya ɗauki wata hanya wadda ba wanda ya san da ita minti ɗaya da ya wuce, har shi kansa jagoran.

Haka wasan yake. Kowane ɗan wasa yana da mutum guda a cikin labarin, jaruminsa, shi ya raɗa masa suna, ya ƙirƙira masa asali da hali da buri. Jagora kuwa shi ke riƙe da duk sauran duniya: sarki da mai gadin ƙofa da tsohuwa mai sayar da albasa da dodon da ke cikin kogo, har iska da ruwan sama. Ɗan wasa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, idan abin mai sauƙi ne ya wuce, idan akwai haɗari sai a jefa dayis. Ba mai cin wani, ba a sa kuɗi, kuma labari guda yana iya ɗaukar shekara ko shekaru ana ci gaba da shi mako-mako. Wanda ya tashi da tatsuniya a bakin kaka zai gane ɗanɗanon abin, amma da bambanci babba. Kaka ta san inda Gizo zai ƙare tun kafin ta buɗe baki, yara kuma nasu sauraro ne. A nan masu sauraron su ne Gizo da Ƙoƙi, kuma mai ba da labarin dole ya jira ya ga abin da za su aikata.

Asalin abin daga fagen yaƙi ya fito. A 1824 wani hafsan sojan Purushiya mai suna von Reisswitz ya gabatar wa manyansa wani wasan koyon dabarun yaƙi a kan taswira, da dayis da alƙalin da ke yanke hukuncin abin da ya faru idan runduna biyu suka haɗu. A 1913 marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya buga dokokin yin irin wannan yaƙi da 'yan sojojin wasa na dalma. Kafin shekarun 1960 abin ya zama sha'awar wasu tsirarun maza a Amurka, suna aika wa juna wasiƙu, suna haɗuwa a ɗakunan ƙarƙashin gida. A 1968 ɗaya daga cikinsu, Gary Gygax, ya yi hayar wani zaure a ƙaramin garinsu Lake Geneva a jihar Wisconsin, mutum kusan ɗari suka zo. Wannan taron shi ne Gen Con. A taron shekarar da ta biyo baya ya haɗu da wani saurayi daga jihar Minnesota mai suna Dave Arneson.

A wurin Arneson da abokansa ne abin ya sauya kama. Maimakon kowa ya ja runduna, sai kowa ya ɗauki mutum ɗaya tak, kuma mutumin nan ya ci gaba da rayuwa daga wannan zama zuwa na gaba, yana ƙara ƙarfi da gogewa, yana shiga ramukan ƙarƙashin wata fada da Arneson ya kira Blackmoor. A ƙarshen 1972 ya kai wa Gygax wasan ya gani. Gygax a lokacin ya rasa aikinsa na kamfanin inshora, gyaran takalma yake yi a gida yana ciyar da iyali. Ya zauna ya rubuta dokoki, ya gwada su da 'ya'yansa. Da ba su sami mai buga musu ba, sai shi da abokinsa na ƙuruciya Don Kaye suka kafa kamfanin TSR a 1973. A watan Janairun 1974 Dungeons & Dragons ya fito, 'yan littattafai uku a cikin ƙaramin akwatin kwali, kwafi 1,000, kowane dala 10, kuma sai da ya yi kusan shekara kafin ya ƙare. Daga baya rigimar kuɗi ta shiga tsakanin mutanen biyu, Arneson ya kai ƙara a 1979 aka sasanta a 1981, shi ma Gygax kamfanin ya fita daga hannunsa a 1985. Har yau mutanen tebur suna gardama a kan wanene uban wasan. A nawa ganin Arneson ne ya zo da dabarar, Gygax kuma ya rubuta ta yadda baƙon da bai taɓa ganinsu ba zai karanta ya tara abokansa su yi.

Shiga al'adar tana farawa da takardar jarumi. A tsohuwar hanya, ana jefa dayis uku masu fuska shida sau shida, a sami lambobi tsakanin 3 da 18, a rubuta su a gaban halaye shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Sannan mutum ya zaɓi sana'ar jaruminsa. A farko uku ne kawai, mayaƙi da mai sihiri da malamin addini, a 1975 aka ƙara ɓarawo, yanzu kuwa sun haura goma. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne tsofaffin 'yan wasa ba sa ƙyamar lamba ƙarama. Sukan ce jarumin da ya fito da ƙarfi 6 ya fi daɗin wasa, domin dole mai shi ya nemi dabara, dole kuma ya dogara da abokan tafiya. An gina wasan ne yadda ba jarumin da zai wadatu da kansa. Mayaƙi ba ya iya warkar da rauninsa, mai sihiri ba ya jure sara, ɓarawo ne kaɗai ya iya buɗe kwaɗo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan dokar wasa ce ta tilasta hakan.

Kafin a fara dogon labari, teburori da yawa yanzu suna yin zaman share fage, wanda ba a wasa a cikinsa sam. Ana zama ne a daidaita: wane irin labari muke so, na yaƙi ko na bincike ko na siyasar fada? Wace rana, ƙarfe nawa, gidan wa? Idan mutum ɗaya bai zo ba, a yi ko a fasa? Sannan a tambayi kowa abin da ba ya so a kawo cikin labarin. Wani ya ce kada a ambaci cutar da yara, wata ta ce kada a siffanta azabtarwa, kuma ba a tambayar mutum dalili. Wasu har kati suke ajiyewa a tsakiyar tebur mai alamar gicciye, duk wanda labari ya taɓa masa wani tabo sai ya ɗora yatsa a kai, jagora ya karkata ba tare da wata muhawara ba. Akwai tsofaffin hannu da ke ganin wannan rainon manya ne. Ni ban ga haka ba. Mutumin da ka gayyato gidanka ya zauna awa huɗu yana da haƙƙin kada ka tono masa ciwon da ba ka san yana ɗauke da shi ba.

Abinci yana da nasa tsari. Mai gida ya ba da wuri da kujeru, baƙi su zo da abin taɓawa da lemo, ko a haɗa kuɗi a yi odar fiza. A teburori da dama jagora ba ya biyan ko sisi, kuma wannan adalci ne idan ka san aikin da ke kansa. Zaman awa huɗu yana iya cin masa awa huɗu ko fiye na shiri a cikin mako. Zai zana taswira, ya raɗa wa ƙauyuka suna, ya tanadi abin da waziri ke ƙullawa a ɓoye, ya gwada muryar tsohon maƙeri shi kaɗai a cikin mota. Sannan ranar wasa 'yan wasa su ƙi bi ta ƙofar da ya ɓata dare yana shiryawa, su tsaya hira da wani yaron barga da ya ƙirƙira nan take, su ɗauke shi abokin tafiya. Jagora na ƙwarai ba ya fushi da wannan. Ya ninke takardunsa ya bi su. Babban abin kunya a wurinsu shi ne jagoran da ya riga ya rubuta ƙarshen labari, yana jan mutane zuwa can ko sun so ko sun ƙi. Sukan ce ya ɗora su a kan titin jirgin ƙasa, kuma irin wannan tebur ba ya daɗewa. Saboda nauyin aikin, masu yarda su yi jagora kaɗan ne, za ka ga mutum ya shekara goma yana jagora yana marmarin ranar da shi ma zai zauna a matsayin ɗan wasa. Tun 2002 suka keɓe 4 ga Maris a matsayin ranar girmama jagorori, ana yi musu 'yar kyauta. Gygax ya rasu ne a wannan ranar a 2008, Arneson ya bi shi a watan Afrilun 2009.

Shamakin nan na kwali da ke gaban jagora shi ya haifi gardamar da ta fi kowace tsufa a cikinsu. Tun da ba mai ganin abin da ya jefa, ya halatta ya canza sakamakon? Misali dodo ya kai wa jarumar wata sabuwar 'yar wasa sara, dayis ya nuna ta mutu, a zamanta na farko. Wasu jagorori sai su ce saran ya kuskure. Hujjarsu ita ce an taru ne don jin daɗi, dayis bawa ne ba ubangida ba. Wasu kuma suna jefa nasu a fili gaban kowa, su ce abin da ya fito shi ke nan. Na zauna a teburin kowane ɓangare, kuma zuciyata tana tare da na biyu. Ranar da 'yan wasa suka gane cewa jagora yana ceto su a ɓoye, ranar nasararsu ta zama ba tasu ba, tsoron da ke sa a riƙe numfashi kafin dayis ya tsaya kuma ya tafi. Jagora yana da hanyoyi da yawa na tausayi waɗanda ba sai ya ɓoye gaskiya ba: dodo zai iya kama jarumar ya tafi da ita, abokanta su bi sawu. Abin da ke riƙe da tebur shi ne yarda cewa mai iko ma yana ƙarƙashin doka ɗaya da kowa.

Su kuwa dayis ɗin suna da tarihinsu da camfinsu. A farkon zamani ba a ƙera su don wasa ba, daga masu sayar da kayan koyar da lissafi a makarantu TSR ke sayo su. A farkon shekarun 1980 akwatin wasan yana zuwa da ɗan alli mai maiƙo wanda yaro zai goga a kan lambobin don su fito. Yanzu ana yin su da roba mai ƙyalli da ƙarfe da dutse da katako, wasu mutane suna tara ɗaruruwa. Ba a taɓa dayis ɗin wani sai da izininsa. Wanda ya faɗo ƙasa daga tebur ba a lissafa shi, a sake. Wanda ya yi ta ba da ƙananan lambobi ana jefa shi a wani ɗan keji da ake kira kurkukun dayis har sai ya shiryu. Wasu kafin a fara sukan jera nasu da babbar lamba a sama. Yawancinsu sun san lissafi sarai, sun san kowace fuska ta mai ashirin tana da rabo 5 cikin 100 ne, ba ƙari ba ragi, camfin wani yanki ne na raha da ke haɗa su. Idan 20 ta fito a lokacin da ake tsananin bukata, za ka ji ihu har maƙwabta, manya da furfura su miƙe tsaye. Idan 1 ta fito sai a dafe kai, a jira a ji irin masifar da jagora zai siffanta.

Akwai abubuwan da ake ƙi. Ba a so ɗan wasa ya yi amfani da abin da shi ya sani amma jaruminsa bai sani ba, kamar wanda ya karanta littafin dodanni ya san wuta ce maganin wani dodo alhali jaruminsa ɗan ƙauye ne da bai taɓa ganinsa ba. Ba a son mai cinye magana. Ba a son mai latsa waya idan ba layinsa ba ne. Akwai wanda suke kira lauyan doka, mai tsayar da wasa ana tsakiyar yaƙi don ya buɗe shafi ya yi jayayya. Akwai mai sace kayan abokan tafiya ya ce ai halin jaruminsa ke nan, amsar da ake ba shi kuwa ita ce: kai ka ƙirƙira shi, ka ƙirƙiri wanda za a iya tafiya da shi. Gargaɗin da kowane sabon shiga yake ji shi ne kada a raba ayari.

Mutuwar jarumi ita ce inda baƙo yake gane cewa abin ya wuce yadda ya zata. Mutum ya shekara biyu yana magana da bakin wannan jarumi, ya san tsoronsa da bashin da ake binsa da alkawarin da ya yi wa uwarsa. Rana ɗaya dayis ya juya baya. Tebur yakan yi tsit. Sau da yawa sauran jarumai sukan yi masa jana'iza a cikin labarin, kowa ya faɗi abin da ya tuna, wani ya ɗauki takobinsa ya yi alkawarin kai wa danginsa. Mai shi ya ninke takardar ya adana, wasu har sukan sa ta a firam. Na ga babban mutum ya share ido a irin wannan zama, kuma ba wanda ya yi masa dariya. Mako mai zuwa ya dawo da sabuwar takarda, jagora ya nemi hanyar da sabon jarumin zai ci karo da ayari, galibi a wata mashaya ko masauki, domin can ne al'ada ta ce baƙi ke haɗuwa.

Amma idan ka tambaye su abin da ya fi kashe dogon labari, ba za su ce dodo ba, za su ce sa rana. Wannan ya sami aikin dare, wancan an yi masa haihuwa, waccan ta koma wani gari. Zama biyu ko uku suka wuce ba a haɗu ba, labari ya mutu ba tare da an yi masa sallama ba. Shi ya sa teburin da ya daɗe yake da daraja a cikinsu. A garin Landan na jihar Ontario a Kanada akwai wani malamin tarihi na jami'a, Robert Wardhaugh, wanda yake jan labari guda tun 1982 har yau, wasu 'yan wasansa daga nesa suke zuwa. A nan ne nake ganin ainihin amfanin al'adar. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da gargaɗi a hukumance cewa kaɗaici ya zama annoba a ƙasar. Ƙasa ce da mutum zai iya shekara bai shiga gidan maƙwabcinsa ba, ziyara sai da dalili da alkawari. Wasan nan ya ba su dalilin. Ya sa baligai biyar su bar harkokinsu su zo su kalli fuskar juna, su saurari juna awa huɗu, kowa ya jira layinsa. Zumunta a ƙafa take, su kuma sun sami abin da ke ɗaga ƙafar duk mako. Da annobar korona ta rufe gidaje a 2020 ba su daina ba, suka koma intanet ta Zoom da Discord da Roll20, da aka buɗe kuma da yawansu suka dawo kan tebur.

Ba a bar su sun sha ruwa cikin sauƙi ba. A shekarun 1980 tsoro ya bazu a Amurka cewa wasan ƙofar bautar Shaiɗan ce kuma yana kai matasa ga kashe kansu. Wata uwa mai suna Patricia Pulling, wadda ɗanta ya rasu a 1982, ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan a 1983, ta kai ƙara kotu amma aka kori ƙarar. A 1985 babban shirin talabijin na 60 Minutes ya ɗauki maganar. Makarantu suka hana, iyaye suka ƙona littattafai, har kamfanin ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Binciken da aka yi bai gano wata alaƙa tsakanin wasan da kashe kai ba. Ba na ganin laifin uwar da baƙin ciki ya sa ta nemi dalili, amma yaran da aka tsangwama a lokacin yawancinsu masu kunya ne da suka sami abokai a karon farko.

Mai karatu Musulmi yana da tasa tambayar, kuma ta cancanci a amsa ta da gaskiya. Akwai hadisin da ya yi hani ga wasan nardi, kuma malamai da yawa sun haɗa da duk wasan da ke tafiya da jifan dayis ko da babu kuɗi. Wannan hukunci na malamai ne, a wurinsu ake neman sa. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda al'adar take: ba a caca a cikinta, kuma ba duk wasannin ne ke da dayis ko sihiri ba. Amber, wanda ya fito a 1991, ba shi da dayis ko ɗaya. Dread yana amfani da hasumiyar 'yan katako ta Jenga, mutum ya zare ɗaya duk lokacin da jaruminsa ya shiga haɗari. Traveller na 1977 labarin fatake ne da matuƙan jiragen sararin samaniya.

Kowace ƙasa da abin ya shiga ta ba shi nata launi. Suwidin tana da Drakar och Demoner tun 1982, Jamus tana da Das Schwarze Auge tun 1984, Barazil tana da Tormenta. A Japan an yi Sword World a 1989 da dayis masu fuska shida kawai, domin sauran suna da wuyar samu, kuma can ne aka fara al'adar rubuta abin da aka faɗa a tebur a buga shi littafi. Wasan tsoro na Call of Cthulhu, wanda ya fito a Amurka a 1981, ya fi Dungeons & Dragons karɓuwa a can. Gen Con kuwa ya koma birnin Indianapolis a 2003, kwana huɗu ake yi, mahalarta sun kai 70,000. A 2015 wasu masu sana'ar murya ƙarƙashin Matthew Mercer suka fara watsa zamansu a shirin Critical Role, mutane masu ɗimbin yawa suna kallo, kuma wannan da shirin Stranger Things mai dogon zango da ya fara a 2016 sun jawo mata da matasa da yawa cikin abin da a da kusan na maza ne zalla. Har gidajen yari ya shiga. Inda aka hana dayis saboda caca, fursunoni sukan zana lambobi a kan kwali su yi 'yar kibiya mai juyawa. A 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta amince da hana wasan a wani gidan yari na Wisconsin, jihar da aka haife shi.

Akwai inda nake ganin gazawarsu. Duniyar da wasan ya gada ta Turai ce ta zamanin da, fada da jarumi mai sulke, kuma shekaru da yawa littattafan suna nuna wasu jinsunan halitta a matsayin miyagu tun daga haihuwa, sau da yawa masu baƙar fata ko masu kama da mutanen da Turawa suka mulka. Sai a 2020 kamfanin da ke buga wasan ya fito fili ya ce zai gyara. An yi ƙoƙarin gina duniyoyi daga labaran Afirka, kamar Nyambe a 2002, amma har yanzu kaɗan ne. Gazawa ta biyu ita ce kasuwa. Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, Hasbro ya sayi Wizards a 1999, kuma tun daga nan ake ta cusa wa mutane littattafai masu tsada da 'yan mutum-mutumi da tebura na musamman, har sabon shiga ya zaci sai mai kuɗi ke yi. Ba haka ba ne. Zaman da ya fi daɗi a cikin waɗanda na halarta, da maɓallan riga aka nuna inda kowa yake tsaye.

A watan Janairun 2023 kamfanin Wizards ya yi yunƙurin soke wani lasisi da ya bayar tun 2000, wanda ya ba ƙananan marubuta damar rubuta nasu labarai da littattafai a kan dokokin wasan su sayar. Mutanen tebur suka tashi tsaye. Suka yi ta janye rajistarsu daga shafin kamfanin, ƙananan kamfanoni irin su Paizo suka ce za su yi nasu lasisin, jagorori suka fara koya wa teburorinsu wasu wasanni. Mutanen tebur su ke da gaskiya a wannan rigima, domin shekaru kusan hamsin su ne suka yi ta zana taswira da dare suna buɗe ƙofofin gidajensu ba tare da an biya su ba. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye, ya kuma saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba shi da ikon sake karɓewa.